Yinin da Adda Ta Sauko Daga Jirgin Ruwa

Ni dai tun ina yaro Allah ya jarabce ni da ba da shawarar da ba a tambaye ni ba. Idan na ga mutum zai tsallaka titi, sai na nuna masa ta inda mota ke zuwa, ko da kuwa ya girme ni kuma a bakin titin aka haife shi. A shaƙƙar, wato sashen gidan bene, da muke haya a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira, mu biyar duk ɗalibai, ni ne na liƙa takarda a ƙofar kicin a kan yadda ake rufe tukunyar gas, har da zanen kibiya. Abokan zamana sun daɗe da daina yi mini gardama. In na fara sai su ce tamam, tamam, su ci gaba da abin da suke yi.

Ina cikin shekarata ta shida a Alƙahira, ina fama da rubutun digiri na biyu, ƙanwata ta kira ni daga Jidda inda take aikin jinya. Ta ce Adda ta zo Umra ta gama lafiya, ita kuma ta ɗauki hutu za ta kai ta yawon buɗe ido a irin manyan jiragen ruwan nan masu zagaya Bahar Maliya. Jirgin zai tsaya yini guda a wata tasha ta Masar. Za a kwaso fasinja a manyan motoci a kawo su Alƙahira, su ga dalar Fir'auna, su ci abinci, sannan a tsaya da su a Darrasa wajen tsohon masallaci da kasuwa, daga nan a mai da su jirgi.

"Yaya, sa'a ɗaya da rabi ce kawai a Darrasa," in ji ta. "Kuma ba za a bar ta ta rabu da ayari ba, takardar shigarta ta ayari ce. Kai za ka zo ka same mu a can."

Adda mahaifiyata ce. Ni ne ɗanta na fari, kuma a wajenmu, can gefen Gombe, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna wa jama'a cewa nata ne. Kunya ce, haka ta tarar ana yi. Da aka yaye ni aka kai ni gidan kakata, ban sake dawowa ɗakinta ba, duk da gida huɗu ne kawai tsakaninmu. Na taso ina ce mata Adda kamar yadda ƙannenta ke ce mata. In na shiga gidan tana son ba ni abinci, sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa wancan akwai tuwo a rufe." Ko da kuwa daga ni sai ita a tsakar gidan.

Shekara shida ina waya gida, ba ta taɓa karɓar wayar da hannunta ba. Sai dai in ji muryarta daga nesa tana cewa a gaishe su, wato ni kaɗai ɗin nan ne su. Don haka ban sa rai za mu yi wata doguwar hira ba. Abin da nake so kawai in zauna kusa da ita na sa'a ɗaya da rabi, tana kallon wani gefen, ina jin ƙamshin man da take shafawa. Na yi kewarta ƙwarai, kuma babu wanda na taɓa gaya wa.

Mai hankali da sai ya zauna ya yi tunanin abin da zai ce mata. Ni kuwa sai na buɗe waya na shiga binciken haɗurran da ke samun fasinjan jirgin ruwa idan sun sauka a tasha. Na ci karo da wani dogon rubutu na Turanci da aka yi wa masu sauka a wani tsibiri mai zafi, can wata uwa duniya, wanda ko sunansa ban taɓa ji ba. Ƙasa ce ta talakawa, ga kwakwa ga rairayi. Marubucin ya jero gargaɗi kamar zai tura mutane filin daga. Kada a sa zinare. Kada a wuce shingen tashar jirgi ba tare da jagora ba. Kada a hau acaɓa, kada a sha ruwan famfo, kada a karɓi abin da wani ya danƙa maka a hannu ya ce kyauta ne. A kula da igiyar ruwa, kuma a guji zama a gindin kwakwa.

Ina karantawa ina gyaɗa kai. A wani wuri ma sai da na dakata, don yadda ya kwatanta mutanen tsibirin, da 'yan acaɓarsu da titinsu marar kwalta da masu talla da ke bin baƙo, in ka cire tekun garinmu ne sak. Haka za a rubuta mu in da jirgi na tsayawa a ƙofar gidanmu. Amma tunanin bai daɗe a kaina ba. Nan da nan na koma ɓangaren mutanen jirgi, na ɗauko biro.

Na fassara komai zuwa Hausa, na ƙara nawa, suka zama dokoki ashirin da ɗaya. Ko ta kwakwar ban yar ba, na dai mai da ita dabino. Abokin ɗakina, wani mutumin Damagaram mai sanyin magana, yana kwance yana ji na ina karanta su a waya ina aika wa ƙanwata saƙon murya.

"Malam," ya ce, "wace igiyar ruwa ce za ta ja ta a Darrasa?"

Na ce masa shi bai san tafiya ba.

Doka ta bakwai ita ce na fi alfahari da ita, don na ƙawata ta fiye da yadda Baturen ya rubuta. Na ce: duk wanda ya tare ki ya ce ya san ki, ko ya ce shi ɗan'uwanki ne, ko da Hausa yake yi, kada ki ɗago kai, kada ki amsa masa, ki matsa kusa da jagora. Har na maimaita ta sau biyu da murya mai nauyi. Washegari ƙanwata ta ce Adda ta saurari saƙon duka, daga farko har ƙarshe, sannan ta ce a sake saka mata. Na tambaya me ta ce. Ta ce cewa ta yi wancan bai rage surutu ba.

Ranar da za su zo, da hantsi, ƙanwata ta kira ni muryarta a shaƙe. Tana da ƙaramin ciki, ga jirgi ya kwana yana jijjiga ta, tun asuba take amai, likitan jirgi ya ce ta kwanta. Amma ta ce kada in damu. Ta haɗa Adda da wata Hajiya da suka saba da ita a jirgin, dattijuwa haifaffiyar Jidda, wadda kakanninta suka taho aikin Hajji a ƙafa daga ƙasar Hausa ba su koma ba. Tana jin Hausa daidai gwargwado. Suna mota ta huɗu. Na fara yi mata bayanin abin da mai juna biyu ya kamata ta ci a cikin jirgi, ta kashe wayar.

Na goge farar jallabiyata, na sa hula, na fesa turare har mutumin Damagaram ya yi atishawa. Na zuba tsarabar da na tanada a babbar leda: abaya baƙa, dabino, kwalbar man zaitun, da Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe saboda idonta. Na hau mikrobas, ƙaramar bas ta haya, na sauka, na sake hawa wata, na isa Darrasa tun kafin a kira azahar, alhali an ce sai wajen la'asar za su iso.

Na tsaya a jikin ƙarfen da ya raba titi da farfajiyar masallaci. Wurin nan na san shi kamar tafin hannuna, shekara shida ina sayen littafi a lungunansa. Amma ranar da idon marubucin tsibiri nake kallon kowa. Mai sayar da carbi na ga alamar rashin gaskiya a tare da shi. Mai tura baron lemo ma ban yarda da shi ba. Akwai masu talla da suka jeru suna jiran motocin baƙi, kowa da ledarsa a hannu cike da ƙananan dala na roba da gyale da maƙalin makulli. Na yi ta harararsu ɗaya bayan ɗaya. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa ni ma a layinsu nake tsaye, da leda a hannu, kuma tawa ta fi ta kowa girma.

Bayan la'asar motocin suka iso, manya farare masu baƙin gilashi. Kowace mota da jagoranta riƙe da sanda mai lamba a sama, da kuma wani mutum mai baƙar kwat wanda aikinsa tsaron baƙin. Fasinja suka fara sauka, kowa da 'yar takarda mai lamba manne a ƙirji.

A mota ta huɗu na hango ta. Ta ƙanƙance fiye da yadda na bar ta. Tana cikin hijabi ruwan ƙasa, ta rungume jakarta ta gaba a ƙarƙashin hijabin, daidai yadda doka ta biyu ta ce. Kusa da ita wata dattijuwa mai jiki da tabarau, na san ita ce Hajiyar Jidda. Ban san lokacin da na tsallake ƙarfen ba. Na kutsa cikin baƙin ina ɗaga leda sama don kada ta bugi kowa, ina cewa, "Adda, Adda, sannu da hanya."

Ta ji ni. Na ga ta dubi ƙafafuna, kallo ɗaya, sannan ta kawar da kai ta matsa ta tsaya a bayan jagora.

Sai na ji tafin hannu a ƙirjina. Mai baƙar kwat ne, wani ƙaƙƙarfa mai furfura a gefen kai. Da Larabcin Masar ya ce, "Ina zuwa, ya shaikh?"

Ni kuwa akwai wata cuta da nake da ita: in na ruɗe sai Larabcin kasuwa ya gudu ya bar ni da na littafi. Na gyara tsayuwa na ce masa, cikin irin Larabcin da ake huɗuba da shi, haƙiƙa wannan mata ita ce mahaifiyata. Jagoran ya juya yana dariya. Mai kwat bai yi dariya ba. Ya ce kullum sai ya ji haka, duk mai talla a Darrasa yana da uwa a cikin motar baƙi. Ya karɓi ledar ya leƙa. Ya ga abaya a cikin ledarta ta shago, ya ga dabino, ya ga mai. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya gama tona wa kansa asiri.

Na ce a tambaye ta mana. Ya yafito Hajiyar Jidda ya yi mata bayani. Hajiyar ta juya wajen Adda, da Hausarta mai karkata zuwa Larabci ta ce, "Hajiya, wai wannan ɗanki ne?"

Mutum kusan arba'in suna tsaye suna kallo, yawancinsu maza, baƙin fuska. Adda ta sunkuyar da kai tana gyara bakin hijabinta. Ni na san ba za ta iya ba. Shekara ashirin da tara ba ta faɗi wannan kalma a tsakar gidanta ba, balle a bakin titi a ƙasar wasu. Ga kuma doka ta bakwai da na karanta mata da bakina har sau biyu. Har yau ban san wanne ne ya riƙe ta a cikin biyun ba, kuma ban ga wanda zan tambaya ba.

Hajiyar ta sake tambaya. Sannan ta juya ta ce wa mai kwat da Larabci, "Ba ta amsa ba."

Nan na shiga yi masa lacca a kan al'adarmu. Na ce a ƙasarmu uwa tana jin kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta amsa cewa nata ne a gaban mutane. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke sauka a kunnensa. A Masar fa nake, inda mace da sunan ɗanta na fari ake kiranta, inda uwa ke leƙowa daga bene hawa na biyar ta kwaɗa wa ƙatonta mai gemu kira duk unguwa ta ji. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Uwa tana jin kunyar ɗanta. To me ka yi mata?"

Na dubi Hajiyar Jidda ko za ta taimake ni. Ta ɗaga kafaɗa. A gidansu wannan al'ada ta daɗe da mutuwa, ita 'ya'yanta duk da sunansu take kiransu.

Ya ce in kawo takarduna. Na sa hannu a aljihun dama, na sa a na hagu. Fasfona yana ofishin sabunta iƙama, wato izinin zama, kuma 'yar takardar shaida da suka ba ni tana aljihun rigar da na cire da safe don in sa farar jallabiya. Doka ta uku ta ce kada ki kuskura ki taka ko'ina ba tare da takardunki ba. Na kira ƙanwata, wayar ba ta shiga. Na sake kira, haka.

Bai wulaƙanta ni ba, wannan kam sai na faɗa. Ya riƙe ni a gwiwar hannu ya tsallaka da ni titi zuwa wata 'yar rumfa inda masu tsaro ke zama, ya nuna mini kujerar roba. Ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, in zauna har a kawo takarda ko baƙi su tafi, duk wanda ya riga. Har shayi aka miƙo mini. Daga nan ina hango ayarin mota ta huɗu suna cire takalma a ƙofar masallaci. Na ga bayan hijabi ruwan ƙasa ya shige.

Na kira mutumin Damagaram. Da na gama yi masa bayani sai na ji shiru, na zaci layin ya yanke, ashe dariya ce ta hana shi magana. Da ya samu numfashi ya ce, "Malam, wace doka ce ta yi maganar wannan?" Na ce don Allah ya ɗauko takardar ya taho. Ya ce yanzu zai fito, amma ni ma na san yadda hanyar Ashir take bayan la'asar, ko jirgin sama ya hau sai an tare shi.

Na zauna ina kallon agogon wayata. Minti ashirin suka wuce, sannan arba'in. Ayarin ya fito daga masallaci, jagora ya ɗaga sandarsa, suka bi shi suka shige lungun kasuwa. Ba ta waiwayo ba. Ɗaya daga cikin masu tallan da na yini ina harara ya zo wucewa, ya gan ni a kujerar roba da ledata a ƙasa. Ya tsaya ya ce da ni cikin tausayi, sabon shiga ne kai ko, ai ba a tsallake ƙarfe, daga nan gefe ake kira. Na yi masa godiya.

Shayin ya huce a hannuna. Da farko haushin kaina nake ji, don ni na gina wannan katanga da hannuna, na yi mata fenti, na zo na buga goshi. Daga baya haushin ya juya, kuma wannan ne karo na farko a rayuwata da na ji haushin Adda. Kalma ɗaya ce fa. Ko kai ta gyaɗa ya isa. Na tuna duk ranakun sallar da na je gaishe ta ta amsa wa bango, na tuna ranar da zan taho Masar da ta shige ɗaki ta bar ni da ƙannena a zaure. Ban taɓa ƙorafi ba, har kare al'adar nake yi a gaban abokai ina cewa tarbiyya ce. Amma a kujerar nan sai na ji zuciyata tana tambaya ko dai kunyar ta daɗe har ta cinye abin da take rufewa. Na yi istigfari, tambayar ba ta tafi ba.

Saura minti goma sha biyar direbobi suka fara tada motoci. Baƙi suna fitowa daga kasuwa biyu-biyu, uku-uku, da ledojin tsaraba. Na riga na haƙura. Ina lissafin yadda zan roƙi mai kwat ya miƙa mata ledar ko da ta taga ce.

Sai na ga hijabi ruwan ƙasa ya ware daga cikin mutane. Ta riƙo gefen mayafin Hajiyar Jidda tana ja, ita a gaba, Hajiyar a baya tana haki. Jagora yana kira, ba ta tsaya ba. Ta sauko titi, titin Darrasa da ko mu da muka shekara shida sai mun yi bisimilla muke shiga, ta ɗaga hannu ɗaya ta ratsa tsakanin mikrobas da tasi, direbobi suna ta danna oda. Na miƙe tsaye, mai kwat ma ya miƙe. Ta iso bakin rumfar ta tsaya ta ba ni gefe, fuskarta wajen Hajiyar.

"Ki ce masa ya duba bayan kunnensa na hagu," ta ce.

Hajiyar ta fassara. Mai kwat ya dube ni, ya yi mini alama in cire hula. Na cire na juya. Ya lanƙwasa kunnen da yatsa kamar mai duba akuya a kasuwa, ya ce wa abokan aikinsa akwai tabo, dogo, tsoho. Amma mutumin ya san aikinsa. Ya matso ya tambaye ni a hankali da Larabci, yadda ba za ta gane ba, me ya ji mini wannan ciwo. Na ce ƙofar langa-langa ce ta gidan kakata, ina rarrafe na faɗa mata. Haka kakata ta gaya mini, haka ni ma nake gaya wa duk mai askin da ya tambaya.

Ya ce wa Hajiyar ta tambaye ta ita ma.

A tsallaken titi jagora yana ɗaga sanda yana cewa yalla, yalla, a yi sauri. Na ga hannun Adda yana motsi a ƙarƙashin hijabi, tana murza wuyan ɗaya hannun.

"Awarwaro ne," ta ce. "Ranar da suka zo tafiya da shi yaye. Bakin awarwaron ya tsage, ban cire ba. Na riƙe, suka ja."

Hajiyar Jidda ba ta fassara nan take ba. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu, ta dube ni, ta dubi Adda, sannan ta faɗa wa mai kwat da muryar da ta yi ƙasa. Amsarmu ba ta zo ɗaya ba, tawa daban tata daban, kuma bisa ƙa'idarsa ya kamata ya mai da ni kujera. Bai ko dube ni ba. Ya ɗauki ledata daga ƙasa ya kakkaɓe gindinta ya miƙo mini. Ya ce khalas, shi ke nan. Ya ɗan rusuna wa Adda ya ce ma'alish ya Hagga, wato Hajiya, sannan ya shiga titi da kansa ya tsai da motoci muka tsallaka.

Ya ce wa direban mota ta huɗu ya ba mu minti biyar. Muka tsaya a bakin ƙofar motar mu uku. Na durƙusa a kan dakalin titi da farar jallabiyata na gaishe ta, na yi mata sannu da hanya, na tambayi mutanen gida. Ta amsa tana kallon tayar mota. Sannan ta ce wa Hajiyar, "Ki tambaye shi ko yana samun tuwo a nan."

Hajiyar ta juyo ta ce, "Wai kana samun tuwo?"

Na ce wa Hajiyar ina samu, muna tuƙawa da garin semo ranar Juma'a. Hajiyar ta juya ta gaya mata. Haka muka yi, Bahaushiya da ɗanta, taku ɗaya tsakaninmu, wadda Hausarta ta fi ta kowa rauni a cikinmu tana yi mana tafinta. Ni da ba a taɓa rasa magana a bakina ba, na nemi abin da zan ƙara na rasa. Na miƙa wa Hajiyar ledar, ita ta miƙa mata. Adda ta karɓa ba ta buɗe ba. Ta ce wa iska, "Allah ya yi albarka," ta kama ƙarfen ƙofa ta hau.

Na zagaya ina neman ta ta gilashi, amma gilashin baƙi ne, fuskata kawai nake gani da hula a karkace. Motar ta ja, ta bi bayan sauran, ta sha kwana wajen gada.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye a wurin ba. An fara shirin kiran magariba, masu shaguna suna kunna fitilu. Wata tsohuwa mai sayar da gasasshiyar masara a gefen dakalin ta daɗe tana kallona, ashe tun tafiyar motar hannuna yana bayan kunnena ban sani ba. Ta daina fifita garwashinta ta ce da Larabci, "Ya ibni, ɗana, kunnen ne ke maka ciwo?"

Na ce mata eh.